Lokacin da Kaka ta daina shan ruwa

Assalamu alaikum. Na san na ɓace muku. Masu tambaya ko na gama littafin soyayyar da nake ba ku labarinsa, ban gama ba, yana nan ƙarƙashin matashi ya yi ƙura. Jinya muka yi. Kakata ce, mahaifiyar Baba, wadda muke ɗaki ɗaya da ita tun da aka ɗauko ta daga Damagaram zuwa nan Tamanrasset.

Ta yarda in rubuta, amma ta ce kada in kuskura in sa hotonta.

A taksi abin ya fara. Muna dawowa daga shagon Baba, an matse mu a baya, sai matar da ke gefen Kaka ta ja mayafi ta toshe hanci, ta sauke gilas. Kaka ta lura.

Gaskiya akwai wani wari. Ba na ƙazanta ba ne, Kaka mai alwala ce, kullum cikin wanka. Wani abu ne kamar tsohon mai, yana kama matashinta da wuyan rigunanta. Ni na saba har ba na ji.

Da yamma ta kira ni. "Nana, 'yar littafi, zo ki shinshine ni. Ki faɗi gaskiya."

Kunya ta kama ni. Na ce, "Ƙamshin humra kike, Kaka."

"Ja can, makaryaciya," in ji ta. Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba.

Daga nan ta shiga turara kaya. Ta kifa kwando a kan kasko, ta baza zannuwanta, hayaƙi ya cika ɗaki har ina tari. Ba ta bari a wanke atamfofinta na akwati, wai ruwan garin nan yana cinye launi. Turare kan turare. Warin bai tafi ba, sai ma ya gauraya ya yi nauyi.

Abin da ba mu lura da shi ba, ta sa a ranta cewa fitsari ne ke ɗiga mata. Sai ta rage ruwa. Shayin la'asar da ta saba sha kofi uku, ta ce ya isa, tsufa ya hana. Ta daina cin abinci da mu a tsakar gida. Ta fara cewa Baba ya sa ta a mota ta koma gida, kada ta kore masa baƙi.

A wannan busasshen gari, mutum ya ƙi ruwa.

Sai zazzaɓi. Sai ciwon baya. Wata safiya ta dube ni ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ba a haife ni ba. Nan take muka ɗauke ta sai asibiti.

A likita aka ɗebi jini da fitsari, aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Sakamako ya nuna ciwon mafitsara ne ya hau har ƙoda, ga jiki ya bushe. Wasu magungunan babu su a ciki, Baba ya yi ta zirga-zirgar farmasi, shago a rufe. Mama na gida da girki, ni ce mai zama. Kujerar roba, warin maganin goge ƙasa, kai tasa, canza zane, jiran a zo a duba. Na gaji irin gajiyar da ko kuka ba ya fita. A littattafaina babu wanda ke tsufa, kowa ƙamshin fure yake. Na kasa buɗe ko shafi ɗaya.

Na ji tsoro za ta tafi tana ganin kanta abin ƙyama.

Wata ma'aikaciyar jinya, uwarta 'yar Agadas ce, tana jin Hausa. Ita Kaka ta faɗa wa maganar taksi, fuska a bango.

Matar ta ce, "Hajiya, ba fitsari ba ne. Maiƙon fata ne ke canzawa in shekaru sun ja, kowa zai iske shi, har mai toshe hancin. A tufa yake maƙalewa. Wanki yake so da rana, ba hayaƙi ba. Ƙin ruwan nan kuwa shi ya kusa kai ki lahira."

Kaka ta ce, "Ashe atamfar na tausaya wa, na bar ƙodata."

Yanzu muna gida. Tana tafiya a hankali, tana dafa bango, amma ta san sunana.

Don Allah, masu tsofaffi a gida, ku lura da yawan ruwan da suke sha. A wanke musu bayan kunne, wuya, gadon baya da duk inda fata ta naɗe, da sabulu mai laushi, a tsane sosai. Rigar matashi da zanen gado a wanke akai-akai, a shanya a rana, a buɗe taga. Turare bayan wanki ne, ba maimakonsa ba. In warin ya canza farat ɗaya, ko ga zazzaɓi, ko ruɗewa, ku tafi likita, kada ku ce tsufa ne. In kuma suka tambaye ku, ku faɗi gaskiya da taushi.

Na gode wa Allah. Na gode wa waccan baiwar Allah ma'aikaciyar jinya, da maƙwabta da suka yi ta aiko kunu, da ku masu addu'a.

Jiya muka kwashe akwatin nan kaf muka wanke. Atamfa biyu sun koɗe, ta yi ta mita. Da la'asar ta fito tsakar gida da kanta, ta zauna dab da ni har kafaɗarmu na gogar juna. Ta shanye kofi na biyu, ta miƙo hannu.

"Nana, ina na ukun? Ko sai na roƙa?"