Abin da Baba Modu ya ji ta katanga

Na fito daga coci jiya a Dogo Nini ke nan, sai Baba Modu, telan da shagonsa ke jikin katangarmu, ya yafito ni.

"Ɗana, me ya sami mai kaɗa muku piyano ne?"

"Ai ya rasu, Baba, wata biyu ke nan."

Ya ajiye almakashi. "Allah sarki! Shi ya sa. Ni Musulmi ne, ban taɓa shiga wajenku ba, amma in ya fara nakan tsayar da keken ɗinki. Ko ban ji kalmomin ba, na san mutane na roƙon Allah. Wannan na yanzu kuwa kamar dambe yake da abin. Mawaƙa na gabas, shi yana yamma."

Ni ne na yanzun, bai sani ba! Ni da nake gudun koyon waƙa ranar Asabar, ina cewa ai zuciya Allah ke dubawa. Duk cocin babu wanda ya taɓa faɗa mini.

Da ƙyar na ce, "Za a gyara, Baba." Yau na nemi mai koya mini.

Jama'a, in hannuna na hana mutane addu'a, zuciyar tawa kaɗai ta isa?