Numfashin da Sudalai Ya Dawo da Shi

A shekarar 1961 Devadason ya fara sanin Sudalaimuthu, shekarar da ya kama aikin koyarwa a makarantar mishan ta Palayamkottai. Wata safiya ya turo kekensa zai tafi makaranta, sai ya tarar da wani saurayi kwance a barandar gidansu, ya rame har haƙarƙarinsa sun fito, ya rungume doguwar algaita naɗe cikin tsumma. Ya san fuskar. Sudalaimuthu ne, wanda ake ce wa Sudalai, mai busa a gidajen biki da haikalin bakin kogi. Tarin fuka ya kama shi, mai gidan da yake haya ya fitar masa da tabarmarsa waje, shugaban makaɗansu kuma ya ɗauki wani a madadinsa.

Pakkiyam, mahaifiyar Devadason, ita ta ce ya kwanta nan. Maƙwabta suka yi ta surutu, wasu saboda cutar, wasu saboda ba Kirista ba ne. Hakan bai sa ta fasa ba. Ta ware masa kwano da kofin tagulla, da safe ta dama masa kunun shinkafa, da rana ta ba shi romo mai tsamiya da masoro, ta kuma sa Devadason ya riƙa goya shi a keke zuwa asibiti ana yi masa allura. Haka aka yi har damina ta wuce.

Cutar ta tafi, amma ta tafi da ƙarfin ƙirjinsa. Ranar da ya gwada algaitar, sautin ya fito kamar kukan ɗan akuya, ya yanke. Ya naɗe ta, ya durƙusa ya taɓa ƙafafun tsohuwar.

"Periyamma, uwata, da me zan biya ki?"

"Me gare ka? Ko numfashi ba ka da shi," in ji ta. "Je ka nemo shi. In ka samu, ka kawo wa gidan nan."

Ta tura masa kofin cikin jakarsa don shan ruwa a jirgi. Devadason yana gefe yana ɗaure littattafai a bayan keke. Ya yi dariya, ya manta da zancen.

Sudalai ya tafi Madras. A can ya samu aikin shara da ɗiban ruwa a gidan wani tsohon malamin yoga, kuma daga tsintsiya ya kai ga tabarmar ɗalibai. Da ya dawo, Pakkiyam ta riga ta rasu. Ya buɗe rumfar gyaran keke kusa da tashar mota, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata. Bai ƙara busa algaita ba. Amma kullum da asuba yakan sauka matakalar kogi ya yi nasa motsa jikin shi kaɗai, sannan ya hau saman wata ma'ajiyar shinkafa, inda mutane ke jiransa da tabarminsu: masu saƙa, direbobi, mata masu ciwon baya, da wani lauya mai tumbi.

Ba ya koya wa mutum biyu abu iri ɗaya. Sabon zuwa sai ya zauna tukuna, Sudalai ya ɗora masa tafin hannu a baya, ya saurari yadda iska ke shiga da fita. Ba ruwansa da ko goshinka ya taɓa gwiwa. Abin da ya dame shi shi ne numfashi ya fara kafin hannu ya ɗaga, hannu kuma ya sauka kafin numfashi ya ƙare. Yakan ce numfashi ne mai busa, jiki mai rawa, kuma a duk bikin da ya taɓa busawa bai ga mai rawar kirki ya riga mai busa ba. Da ya ji numfashin ɗalibi ya fara rawa, sai ya ce ya kwanta, ko da ana tsakiyar darasi.

Abota tsakaninsa da Devadason ba ta yanke ba. Shi ke gyara masa keke, Devadason kuma shi ya koya wa 'ya'yansa lissafi. Amma Devadason bai taɓa hawa benen nan ba. Ya san a can ana fuskantar gabas ana gaida rana, ana kuma auna tsawon numfashi da baitocin addininsu. Shi kuwa jagoran mawaƙan majami'a ne, kamar yadda kakansa ya yi.

"Annachi, yayana, ka zo in miƙe maka bayan nan. Ya zama alamar tambaya," in ji Sudalai wata rana yana ba taya iska.

"Tambi, ƙanena, ka miƙe min ƙafar keke, ya isa. Allah bai halicce ni igiya ba."

A shekarar 2003 aka yi wa Devadason aikin zuciya. Ya tashi, ya ci gaba da tafiya, amma numfashinsa ya gajarce. A majami'arsu, ranar bikin godiyar girbi, jagoran mawaƙa ne ke ɗaga baitin farko shi kaɗai, kuma layin farko dogo ne, ba a yanke shi a tsakiya. Tun yana saurayi shi ke yi. Fasto ya zo duba shi, ya sha kofi, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce wataƙila bana a bar wa wani matashi. Devadason ya roƙa a ba shi zuwa makon bikin. Da fasto ya fita ya gwada layin, sai ya yanke a kalma ta uku.

Washegari da sassafe sai ga Sudalai a baranda.

"Annachi, an ce numfashinka ya koma na kaza."

"Wa ya ce?"

"Duk layin nan. Tun daga bakin famfo ake jiyo ka."

"In tabarma ka kawo, koma da ita. Ba zan gaida rana da furfurata ba."

"Rana ba ta aiko ni ba. Kofi na zo sha."

Ya ciro wani tsohon kofi daga jakarsa, Jebakani, matar Devadason, ta zuba masa kofi mai sukarin giginya. Ya sha a hankali. Sannan ya ce a rera masa layin ya ji. Devadason ya ɗaga kafaɗu, ya ja iska da ƙarfi, ya fara, ya yanke.

"Ka ga abin da kake yi? Kana ɗura ruwa a tulun da ba ka zubar da na jiya ba. Ku mawaƙan coci duk haka kuke, ja kawai kuka sani. Fitarwa ake fara koya."

Ya ɗauki kujera ya juya ta, bayanta ga gabas, fuskarta ga bangon da gicciye ke rataye. Ya zaunar da shi. Ya ce ya fitar da iska sannu a hankali yana jan ciki, har ta ƙare da kanta, kada ya yi gaggawar jawo wata, za ta shigo ba a kira ta ba. Bayan wannan ya ƙara masa ɗaga hannuwa in iska na shiga, da sunkuyawa kan cinyoyi in tana fita.

"Baitocin naku fa?" in ji Devadason, yana hararsa ta gefen ido.

"Nawa ne, suna gida. Malamina ya ce kowa ya auna numfashinsa da abin da zuciyarsa ta yarda da shi. Kai da waƙarka za ka auna. Kalma biyu na farko kawai."

Kalma biyun nan suka yi ta ja har Devadason ya ƙosa. Ran nan ya saci ta uku da ta huɗu, tari ya sarƙe shi.

"Da ɗalibinka ne ya tsallake shafi, da ka zane shi," in ji Sudalai. "Kwanta."

Daga kujera suka koma tsaye, daga tsaye suka koma kwanciya a ƙasa ana ɗaga ƙugu. Kalmomin suka riƙa ƙaruwa ɗaya bayan ɗaya. Kullum Sudalai na zuwa da kofinsa, ya sha, ya wanke, ya mayar jaka. Sai daga baya Devadason ya ji a bakin lauyan nan cewa tun da aka fara, Sudalai ya bar ɗalibansa a hannun babbar 'yarsa, kuma ba a ƙara ganinsa a matakalar kogi da asuba ba, shi da ko ranar auren 'ya'yansa bai fasa ba.

Ranar bikin an cika gaban majami'a da nonnan ayaba, da buhunan shinkafa, da curin sukarin giginya, da kaji ɗaure da ƙafa. Devadason ya miƙe, ya fitar da iska tukuna, ya bar wata ta shigo, ya ɗaga baitin. Muryar ba ta kai ta da ba, na baya ma da ƙyar suka ji. Amma layin ya kai ƙarshensa bai yanke ba, jama'a suka amsa. Ta taga ya hango Sudalai a gindin darbejiya, jingine da keke, hannunsa ɗaya na sauka a hankali.

Al'ada ce ɗalibi ya kai wa malaminsa tire idan an kammala: kwakwa, ayaba, ganyen taunawa da sabon zane. Jebakani ta shirya. Da Sudalai ya zo washegari, Devadason ya miƙe ya miƙa masa da hannu biyu. Sudalai ya ɓalli ayaba ɗaya ya ci.

"Sauran a ba mawaƙanka, Annachi. Kuma kada ka daina. In na ji kazar nan ta dawo, zan aiko 'yata, ita ba ta da haƙuri irin nawa."

Ya sha kofinsa, ya wanke, ya hau keke ya tafi. Ya ƙara shekaru yana koyarwa a saman ma'ajiyar, har ranar da ya kwanta hutawa bayan darasi bai tashi ba.

Amma a wannan safiyar, da Devadason ya zo mayar da kujera, sai ya ga an bar kofin a kife a kusurwar baranda, daidai inda tabarmar mara lafiya ta taɓa zama. Ya ɗauki kofin zai ƙwala wa Sudalai kira. Tagulla ce, ta sha hannu har ta yi santsi. A gindinta, kamar yadda ake yi wa kayan amarya, an sassaƙa harafin farko na sunan Pakkiyam.