Kwalin Bayan Ƙofa

Shekarar da aka rufe iyaka, kuran, wato wutar lantarki, ya zama baƙo a Yamai, ya zo awa biyu ya tafi wuni guda, a shekarar ce na rabu da ɗan yayata. Ina da shekara arba'in da takwas a lokacin, sha bakwai daga ciki na yi su ina planto a wani kamfanin shinkafa da man girki a unguwar Wadata. Aikina shi ne in share biro, wato ofis, in dafa shayi, in kai takarda inda aka aike ni, in tsaya layi a banki a madadin waɗanda ba su son rana.

Abu ɗaya ne nawa a wurin. Bayan ƙofar biro akwai kwali, duk takardar da ta lalace nan ake jefa ta, kuma ranar Juma'a in an sauko masallaci planto ne yake ɗauka. Ba ni na ƙirƙiro ba, haka na tarar. Maiɗakina tana suyar ƙosai a ƙofar gidanmu a Talaje, da takardun take ƙunshe wa mutane. Abin da ya yi saura in ba mai tsiren unguwa, in kai wa matan kasuwar Lazare. Alhaji mai kamfanin ya sani, sau da yawa a gabansa nake ɗaure kwalin a bayan moto, wato babur.

Ɗan yayata ni na kawo shi wurin. Da ya gama karatu a Maraɗi ya rasa aiki, uwarsa ta turo mini shi, ya yi shekara biyu a zaurena yana cin tuwon gidana. Na yi ta bin Alhaji da roƙo har ya ɗauke shi mataimakin kwantabul, wato mai riƙe lissafin kamfani. Da babban kwantabul ya sami babbar takardar shaida ya tafi wani wuri, kujerar ta zama tasa. Ranar Alhaji ya faɗa da babbar murya, kowa ya ji, cewa ba zai sake ciyar da mutum ya yi karatu a cikin bironsa ya gudu ba. Duk wanda ya kama yana karatu, ranar zai tafi.

To ɗan yayata ma jarrabawar wannan takardar shaida yake so. Irin ta manyan kwantabul ce, sau ɗaya ake yi a shekara, kuma ya riga ya faɗi sau ɗaya. Na san yana karatu a ɓoye, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Amma tun da ya hau kujerar nan sai bakinsa ya canza. A gida Kawu nake, ku yake ce mini don girmamawa. A biro na zama planto, kai tsaye.

A wannan shekarar ni ma na shiga makarantar yaƙi da jahilci, bayan la'asar, mu goma sha huɗu a kan bencin yara. Wata rana ya ga kayena, littafin rubutuna na makaranta, ya leƙo daga aljihu, ya zare shi a gaban direbobi.

"Planto, yau wane harafi aka kai? In ka kai na ƙarshe ka faɗa mini, in sayo maka alewa."

Direbobi suka yi dariya. Ɗayansu ya ce, "Kai, kawunka ne fa."

"A gida. Nan aiki muke."

Na karɓi kayena na mayar aljihu. Ni mutum ne mai jira. Amma ban manta ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na manta ba.

Da yake kuran ba ya zama, kwamfutar ɗan yayata a kashe take wuni. Sai ya koma rubuta darussansa da hannu. Ba ya sayen kaye, don kada a gan shi da shi. Takardun da suka lalace yake juyawa ya yi rubutu a bayansu, ta yadda in mutum ya shigo zai zaci aikin kamfani ne. Wata takwas yana haka. Da yamma ya zuba su a jaka ya tafi da su. Wannan duk daga baya na sani. Abin da ya faru ranar Juma'ar shi ne, ya baje su duka a kan tebur yana jerawa, saura mako uku jarrabawa, sai ya ji ƙarar motar Alhaji. Ya tattara su ya cusa a ƙasan kwalin bayan ƙofa, ya rufe da tarkace. Alhaji ya ja shi zuwa wurin ƴan duwan, wato kwastan, ba su dawo ba har aka tashi.

Ni kuwa na sauko masallaci, na ɗaga kwali na ji nauyi, har na yi murna.

A gida na zauna ina warewa kamar kullum. Sai na ga wasu da rubutun hannu, lambobi jere reras, bakwai ɗinsa da sandarta a tsakiya, huɗu a tsaye kamar kujera. A lokacin lambobi muke koyo, nawa kuwa kamar kaza ta bi ta kan toka. Na zaɓi ashirin da uku waɗanda suka fi kyau na sa a jakar makaranta, don in riƙa kwaikwayo. Faransanci ne a jiki, ban san me suke cewa ba. Sauran suka bi hanyarsu. Kafin Lahadi da yamma babu ko ɗaya a gidana sai ƴan guntaye.

Litinin da safe na tarar da ɗan yayata a durƙushe bayan ƙofa, inda kwalin yake zama.

"Ina kwalin?"

"Yau kuma? Ka san inda yake zuwa."

Ya miƙe. "Ɗauko moto."

Muka bar biro a buɗe. Muka fara da gidana, maiɗakina ta zazzage kwandonta, aka sami huɗu. Mai tsire ya ce nasa sun ƙare tun Asabar. Daga nan Lazare. Na bi matan ɗaya bayan ɗaya, shi yana bayana da rigarsa mai guga, yana tsintar takarda a ƙasa yana ɗagawa ga rana. Mai ya cinye rubutun, wata har ana ganin yatsunsa ta cikinta. Wata dattijuwa mai soya dankali ta tambaye ni me ya ɓata, na gaya mata. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗana, karatun naka ya yi albarka. Mutum sun fi arba'in da suka ci shi da yaji."

Matan suka fashe da dariya. Nan ya juyo kaina, a tsakiyar kasuwa.

"Ka ga abin da jahilci yake jawowa? Wata takwas! Jaki ma in ya ga takarda yana shinshinawa kafin ya ci. Kai da shekarunka, kana zama da yara kana a, ba, ca, ko bambancin rubutu da shara ba ka sani ba."

Dattijuwar ta ce, "Subhanallahi, wannan ba babanka ba ne?"

"Planto ne."

A daidai lokacin na tuna da ashirin da ukun da ke jakata. Wallahi tun safe ban tuna ba, hankalina yana kan waɗanda suka fita. Na buɗe baki in faɗa masa, sai na rufe. Sha ɗaya muka samu a ranar, duk da na gidana, babu wadda ake iya karantawa har ƙasa.

Muka koma bayan azahar. Kamyo biyu, manyan motocin kaya, sun wuni a ƙofar mangaza, wato sito, ba a sauke ba, don babu mai sa hannu. Alhaji yana zaune a kujerar kwantabul, carbi a hannu, ba ya ja.

"Ina kuka je?"

Amsar ba tawa ba ce. Ɗan yayata ya gyara tsayuwa.

"Alhaji, planto ne ya kwashe faktir na wata uku ya sayar wa masu ƙosai. Su muka je nema."

Faktir su ne takardun shaidar duk abin da aka saya da abin da aka sayar. Ko ni da ban iya karatu ba na san ba a wasa da su. Alhaji ya dube ni.

"Shekara nawa kana nan?"

"Sha bakwai, Alhaji."

"To ka kawo mini takarduna ranar Alhamis. In babu, ka ajiye makulli. Kuma duk Wadata za ta san dalili."

Wannan na ƙarshen ya fi korar ciwo. Planto da aka ce yana sayar da takardun maigidansa, ko gadi ba mai ba shi.

Talata na kai wa malaminmu takardun nan ashirin da uku bayan an tashi. Ya sa tabarau ya duba uku, ya ce mini waɗannan darussa ne, tambayoyin jarrabawa da amsoshinsu, har da ranar da za a zauna an rubuta a saman wata an ja layi biyu. Ya ce babu faktir ko ɗaya a ciki.

Laraba da yamma na je ɗakin da ɗan yayata yake haya. Ni ne babba, amma ni na je. Na tarar da shi a tsakiyar littattafan aro, idonsa ja. Na ce masa ina da ashirin da uku masu tsabta, zan ba shi, shi kuma gobe ya ce wa Alhaji an ga faktir ɗin a cikin durowa. Ban ce ya faɗi gaskiya duka ba. Ya cire sunana kawai.

"Tun Litinin suna hannunka ka yi shiru?"

"Tun Litinin."

"Ba zan iya ba. In na ce an gani, zai tambayi to me muka je nema. Kawu, ku yi haƙuri mako uku. In na ci, ni zan riƙe ku, ba sai kun ƙara share wa kowa biro ba."

Ranar ya tuna ni Kawu ne. Na ce masa ban zo neman mai riƙe ni ba, sunana na zo karɓa. Ya miƙo hannu, na riƙe jakata na fito.

Kafin in isa gida yayata ta kira daga Maraɗi. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Kai, ɗanka ne fa. Ka rufa masa asiri. Kai me ya rage maka a aikin nan? Shara?"

"Yaya, ɓarawo ya mayar da ni."

"Wa zai tuna bayan shekara? Shi gabansa ake dubawa."

Na ce mata na ji. Abin da na faɗa ke nan, na ji.

Alhamis da safe na share biro, na dafa shayi, na jira Alhaji ya zauna. Sannan na ajiye takardun a gabansa, na ce ga irin abin da ke cikin kwalin, ni ban iya karanta su ba, amma shi ya iya. Ɗan yayata yana tsaye a bakin taga. Alhaji ya karanta ta farko, ya karanta ta biyu. Ya ce a buɗe durowar faktir. Suna nan cif, ɗaure da roba, ba wadda ta ɓata.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce wa ɗan yayata ya ajiye makulli da hatimi a kan tebur. Ya ce karatun ma da sauƙi, amma wanda zai yi wa kawunsa haka, shi ba zai bar masa lissafinsa ba. Sannan ya juya takarda ɗaya, ya ga ɗaya fuskar, inda aka buga farashin buhu da sunayen masu saye. Ya ɗago ya dube ni.

"Wannan ne yake yawo a kasuwa da ƙosai a ciki?"

"Haka na tarar, Alhaji."

"Daga yau a ƙone."

Na tattara ashirin da ukun na bi ɗan yayata waje na miƙa masa. Ya dube su, ya dube ni, ya tofa yawu a gefe, ya tare taksi. Har yau suna cikin jakata. Ya zauna jarrabawar, na ji daga bakin wani direba cewa bai ci ba. Mutane sun ce da na ba shi takardun tun Litinin da wataƙila ya huce, da bai yi ƙaryar ba. Ban yarda ba. Ban kuma ce na yi daidai da na riƙe ba. Aikina yana nan, ina sharewa, ina kai takarda, yanzu kuma ina karanta abin da ke bayan ambulan da kaina.

Ga abin da ya tafi. Takardunsa na wata takwas, ban da ashirin da uku da ya ƙi karɓa da sha ɗaya da mai ya ɓata. Jarrabawar shekara ɗaya. Aikinsa, wanda na yi wata shida ina roƙo kafin a ba shi. Kwalin Juma'a, maiɗakina yanzu sayen takarda take yi. Da yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, salla huɗu ke nan ba ta ɗauki wayata ba.