Kunyar Suruki Ta Rushe Mana Rufi

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, lokacin muna ƙarƙashin Kano, ni heluma ne, wato shugaban leburori, a wajen gini. Ina da ƙarfi, na yi sabon aure, ba ni da yawan magana. Ban yi boko ba, 'yata ce ke rubuta wannan ina faɗa mata. Da kwanon sarki na fara a Birnin Kudu, ina ɗaukar yashi da tsakuwa, har na san halin siminti. Abu biyu na riƙe daga birkilolin da na yi wa aiki. Sabon kankare sai an riƙa ba shi ruwa safe da yamma yake yin ƙwari. Itatuwan da suka tokare rufi kuma ba a zare su sai ya yi makonni.

Wani Alhaji ɗan kwangila ya samu aikin ɗakin shan magani a wani ƙauye na ƙasar Gwaram, ya kai ni can. Ƙauyen matata ne. Mahaifinta shi ne babban maginin ƙasa na yankin, duk wani soro mai kyau da ka gani hannunsa ne. Alhaji ya ɗauke shi don shi kaɗai ke iya tara mutanen gari su fito aiki. Ranar da Alhaji zai tafi Kano neman siminti ya ja ni gefe ya ce wurin yana hannuna. Daga baya na ji ashe haka ya faɗa wa tsohon shi ma. A wajenmu suruki ba abin wasa ba ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In na hango shi sai na tuɓe takalmi na tsuguna, ko da shebur a hannuna.

Muka zuba rufin kankare a kan baranda, bazara ta yi tsanani. Washegari na sa 'yan ga-ruwa su hau su jiƙa shi. Tsohon yana zuwa ya ga ruwa na ɗiga, ya daka musu tsawa su sauko. Ya ce tun ba a yaye mahaifiyar heluma ba yake gini, bai taɓa ganin ana shayar da ɗaki kamar jaki ba. Ya tambaya ko za a dama wa rufin fura ne ya ƙara da ita. Leburori suka yi ta dariya. Ba mugunta ba ce, iyakar saninsa ke nan: a ginin ƙasa rana ce ke ƙarfafa bango, ruwa kuwa shi ke cinye shi. Ina tsugune a gefe, kaina a ƙasa.

Na yi abin da aka saba yi, na aika. Na sami maigadin wurin, tsoho ne sa'ansa, na roƙe shi ya gaya wa Baba cewa in ba a jiƙa rufin ba zai rube, zai iya kashe mutum. Maigadi ya ga maganar ta yi nauyi a ce daga bakin suruki ta fito, sai ya rage mata kaifi. Abin da ya isar shi ne wai yaronka yana gaisuwa, yana cewa in da hali a ɗan yayyafa ruwa. Tsohon ya ce a gaishe ni, in ruwan ya yi mini yawa in kai wa matata ta yi wanki. Na ji amsar, na gane saƙona bai isa ba. Duk da haka ban je da kaina ba.

Ko mako rufin bai yi ba sai ga tifa. Direban ya ce Alhaji yana da wani aiki a cikin Gwaram, ya ce in rufi ya bushe a loda masa katako da itatuwan tokara. Tsohon ya ɗaga sandarsa ya ƙwanƙwasa kankaren, ya ce ya bushe ƙarau, a zare. Leburori suka juyo suna kallona, don sun san ni ne heluma. Ni kuma ina kallon ƙasa. Suka zare. Rufin ya tsaya, har wani ya yi tafi. Na ce a raina wataƙila Allah ya rufa asiri.

Da azahar tsohon ya shimfiɗa buzunsa a ƙarƙashin barandar, ya ce yau zai yi salla a inuwar da ya gina. Ina riƙe da buta a nesa sai na ga gari yana zubowa a kan hularsa, siriri, kamar ana tankaɗe. Na ɗaga kai na ga tsaga tana tafiya a jikin rufin. Ko a lokacin bakina bai buɗe ba. Sunansa ban iya kira ba, ihu a kansa ban iya ba. Gudu na yi don in janyo shi. Na kama rigarsa ke nan rufin ya sauko mana.

Ban ji ƙara ba. Na dai ga duhu, bakina cike da ƙura, hannuna na hagu a ƙarƙashin abin da ba ya motsi. Da diga da hannuwa aka tono mu. Abin da ya fi girgiza ni, ina kwance na ga wani lebura ya ɗauki gutsuren kankaren ya murtsuke shi da yatsu, ya zube kamar busasshen tuwo. A tifar da ta zo ɗaukar katako aka loda mu zuwa asibiti a Birnin Kudu, a kan katakon nan da aka zare.

A hanya tsohon ya buɗe ido. Karo na farko ke nan da ya dube ni ido cikin ido. Ya tambaye ni ko na san haka za ta faru. Na ce na sani. Motar ta yi ta jijjiga mu. Sannan ya ce da na faɗa masa baki da baki, zagi kawai zai yi mini, kuma da yanzu ya huce. Bai kai asibiti ba. Ni aka yanke mini hannu daga gwiwa. Matata ba ta rabu da ni ba, ba ta kuma taɓa tayar da maganar ba har ta rasu. Wannan da ke rubutawa, kakanta ne, tana ciki lokacin.

Na daɗe ina jujjuya abin. Alhaji ya yi kuskure da ya ba mutum biyu wuri ɗaya ya tafi. Duk mai ba da aikin gini ya tara jama'a ya faɗa a gaban kowa wane ne mai magana ta ƙarshe. Maganar haɗari kuma ba a ba ɗan aike, don zai gyara ta a hanya. Ban ce a daina girmama manya ba, har gobe ina tsugunawa. Amma in kana wajen gini ka ga abin da zai faɗo, ka tsuguna ɗin, ka tuɓe takalmin, sannan ka buɗe baki ka faɗa, ko suruki ne, ko ubanka ne. Ni na girmama nawa, na raka shi kabari da hannu ɗaya.