Shuɗiyar Leda Mai Raƙumi

Ni dai ba ɓarawo ba ne, bari in fara da wannan. Malamin lakwal ne ni, wato makarantar boko, Mushe ake ce mini a Birnin Konni kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, kuma ban taɓa ɗaukar allurar wani ba. Amma akwai hanya guda a garin nan da na yi shekaru ba na bin ta da ƙafa. In ta kama dole sai in hau kabu-kabu, da mun zo daidai wata ƙofa in yi kamar ina duba wayata.

Ƙofar kantin Alhaji ce. Wanda bai san Konni ta da ba zai ce kanti kanti ne, to ba haka ba ne. Wannan dogon gini ne a bakin kwalta, da ƙofofin ƙarfe biyu da fanka uku a sama. Rufi ɗaya, amma atamfa da shadda na nan, bargo na nan, kwanuka, fitila, rediyo, tayar keke, madarar gwangwani, har turare. Ba a tayi. Kuɗin kowane abu na manne a jikinsa. In baƙauye ya shigo ya fara ragi, Alhaji ya kan yi murmushi ya ce, "Nan ba a cewa albarka, malam." Mahaifina ne ya fara kai ni, shekarar da waken gonarmu ta ƙauyen Tajaye ya yi kyau, ya sayo wa Inna bargo. Tun daga nan suka ƙulla abota da mai kantin, shi ya sa har bayan rasuwarsa Baba nake ce wa Alhaji.

Abin da ya fi kayan daraja kuwa leda ce. Shuɗiya, mai kauri, da hannu, da hoton raƙumi a gefe. Ba a yar da ita. A Tajaye cikinta mata ke ajiye kayan Sallah da takardun haihuwa. Kuma Alhaji na da ƙa'ida da kowa ya sani: abin da ka saya in ya ƙi, ka maido shi cikin ledarsa a canza maka. Babu takarda, babu rantsuwa, ledar ce shaida.

Da na fara ɗaukar albashi, ba na zuwa gida sai da shuɗiyar leda a hannu. Inna ta kan karɓa tun daga ƙofar gida, ta ratsa tsakar gida da ita a hankali yadda kowa zai gani. Na kuma riƙa saye don gidana, mai ɗakina tana ninke ledojin tana turawa ƙarƙashin katifa.

Sai duniya ta juya. Naira ta faɗi, kaya suka riƙa kwararowa daga tsallaken iyaka a bayan babura. Ko'ina tebur, ko'ina butik, ƴan ƙananan shaguna. Ƴan mata suka koma sayarwa ta waya, ka ga hoto, ka zaɓa, a kawo maka har gida. Abin da ke kantin Alhaji sai ka ga kamarsa a kasuwa da rabin kuɗinsa, ido ba ya bambancewa. Mutane suka janye ɗaya bayan ɗaya. Fanka uku ta koma ɗaya, masu jiran kanta suka watse, ya rage Alhaji shi kaɗai. Ni ma na janye. Ina da hujjojina, ga iyali, ga albashi mai zuwa lokacin da ya ga dama. Wannan ban ji kunyarsa ba, kowa da aljihunsa yake shawara.

Abin kunyar ya fara ne daga fulas. Inna ta aiko cewa tana son wanda zai riƙe mata kunu da zafi, ta kuma ƙara da cewa na kantin Alhaji. Ranar Laraba na shiga kasuwa na sayo wani ja mai furanni a kan tebur, aka sa mini a baƙar leda. Da na zo gida na tsaya ina kallonsa. Sai na ɗaga katifa.

"Mushe, me kake yi?" in ji mai ɗakina.

"Leda nake canzawa. Haramun ne?"

"Ni ban ce ba."

"To bakina bai ce daga can yake ba. Leda ce kawai, ba rantsuwa na yi ba!"

Ta ci gaba da tsince shinkafarta. Da ma in mutum ya san ba shi da gaskiya, shi ke fara ɗaga murya.

Inna ta karɓa da murna, ta kira maƙwabta. "Ku gani, shi ba ya sayen kayan tebur," haka ta ce musu. Ina zaune a tabarma ina shan furar da ta dama mini, kuma wallahi ta wuce ba tare da ta shaƙe ni ba.

Bayan wata biyu na koma. Ta zuba mini kunu daga fulas, sai na ga ba ja ba ne. Fari ne na ƙarfe, mai nauyi.

"Inna, ina wancan?"

"Wancan? Ai hucewa yake, kafin hantsi kunu ya zama ruwa. Da muka je suna Konni sai na biya na mayar."

"Kika mayar ina?"

"Ina kuwa? Inda ka sayo. Kana lakwal, ban so in tashe ka ba."

"Me ya ce?"

"Mi zai ce? Ya juya shi, ya dubi gindinsa, ya ce Mushe ne ya sai miki wanga? Na ce awo. Ya ce to laifinmu ne. Ya ba ni kujera, ya ba ni ruwan sanyi, ya ɗauko wannan."

Kunun nan da zafinsa, amma ni sanyi na ji har ƙafa. Tsohon ya gane, ba yadda za a yi bai gane ba, shi da ya san kowace allura da ke kantinsa. Kalma ɗaya ta isa ta zubar da ni a idon uwata, ya haɗiye ta, ya kuma bi ta da fulas ɗinsa.

Abin da ɗan halak zai yi a bayyane yake: ya je ya durƙusa. Na shirya maganar tun cikin mota. Washegari na je har inuwar da ke tsallaken titi, na hango shi zaune a bakin ƙofa da carbi, babu ko mutum ɗaya a ciki. Na tsaya, na tsaya, na juya. Kuma ka ji halin ɗan Adam, kafin in kai gida haushinsa nake ji. Wa ya aike shi? Da ya ce ba nasa ba ne, ai da an yi ta ta ƙare, in sha faɗan Inna kwana biyu. Yanzu ya ɗora mini abin da ba zan iya saukewa ba. Daga ranar na daina bin hanyar.

Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Ban tsaya ba. In na je da baƙar leda Inna za ta tambaya, in ta tambaya sai zancen fulas ya taso. Sai na ci gaba: rediyo, takalmi, fitila mai caji, duk daga kasuwa, duk cikin shuɗiya. Na riƙa ce wa kaina ai yanzu ina zaɓen mai kyau. In na shiga ɗakinta kuwa ba na ƙura wa komai ido, kuma ba na tambaya.

Wata safiya labari ya bazu cewa Alhaji zai rufe, wani ɗan kasuwa ya karɓi ginin zai riƙa ajiye albasa, ana karyar da kayan da suka rage. Na je. Kada wani ya yi mini kyakkyawan zato, ba ban haƙuri ya kai ni ba. Bargo nake so da araha, na kuma lissafa cewa cikin taro ba zai gan ni ba.

Rabon kantin da ya ga jama'a haka an daɗe. Mutanen da suka yi shekaru ba su leƙo ba, ga mu nan muna turereniya kamar an zuba wa kaji tsaba. Kuma tayi ake yi. A ɗakin da ba a taɓa cewa albarka ba, na ji wata mata tana raba kuɗin atamfa biyu, na ji tsohon ya ce, "Kawo."

Hannuna na kan bargo na ji an ce, "Mushe, kwana biyu."

Na rusuna. "Baba, ina kwana."

"Lafiya lau. Ya tsohuwa? Zo ka taya ni ɗaga wani abu."

Na bi shi ɗakin baya. Kantocin duk an kwashe, sai guda a can ƙurya. Jan fulas mai furanni na kai. Kusa da shi rediyo. Sai takalmi da ya ɓalle. Sai fitila mai caji. Na san kowannensu, na san teburin da na saye shi. Ashe ba sau ɗaya ta zo ba.

"Waɗanga ba ni iya sayar da su," in ji shi, "ba nawa ba ne. Kuma gobe za a share ɗakin."

Na fara in-ina, na kai hannu aljihu. Ya ɗaga mini hannu.

"A'a. Ba don wannan na kira ka ba."

"Baba, ta sani?"

"Daga bakina dai ba ta ji ba."

Babu faɗa, babu wa'azi. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. Sai ya sunkuya da ƙyar, ya jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin kanta, ɗaure da igiya. Ledoji ne sababbi, ba a taɓa buɗe su ba, raƙumi a kan raƙumi.

"Sun yi saura, kuma tsohuwa ta saba da su," ya ce. "Sai dai ka riƙa duba abin da kake sawa ciki, don daga gobe babu inda za ta mayar."

Na sa hannu biyu na karɓa. Ban san abin da ya sa na karɓa ba, amma na karɓa. Na ratsa taron nan da ƙunshin leda a hammata da buhun tarkacena a kafaɗa, wani abokin aikina har yana tsokanata wai Mushe ya yi wawaso.

Ban taɓa ƙunshin ba. Da na tashi zuwa Tajaye na sayi bargo mai kyau na gaske, na bar shi a baƙar ledarsa, na yi niyyar in ta tambaya in faɗa mata komai. Ta kuwa tambaya tun daga ƙofa.

"Ina ta raƙumin?"

"An rufe kantin, Inna."

Ta yi salati, ta zauna a bakin gado. "Allah sarki, mutumin kirki. Amma ni ban yi mamaki ba. Kayansa sun lalace daga baya. Huɗu na mayar, huɗu! Na daɗe ina gaya wa matan garin nan su daina wahalar da kansu zuwa can, sunan ne kawai ya rage." Ta shafa bargon, ta jinjina kai. "Ka ga wanga na kasuwa ma ya fi. In ka gan shi ka ce ina gaishe shi, ka ce na yafe masa."

Maganar da na shirya tana nan a bakina. Maƙwabta biyu na tsaye a ƙofar ɗaki suna jiran a nuna musu bargo. Na dube su, na dubi Inna, sai na ji kaina na ce, "Zai ji."