Kusurwar da Matsau Ya Zubar

Matsau bai taɓa ɓoye cewa ba ya son hayaniya ba, kuma a wurinsa duk abin da ba magana ba hayaniya ne. Kiɗa, kukan tsuntsu, dariyar jikoki, duk shara. Matarsa ta ce shekara talatin tana tari a gidan bai taɓa ce mata sannu ba, don tari ba zance ba ne.

Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin matakalar bene: tebur, kwamfuta, da fanka mai karyayyen wuya. Mutum zai kawo masa sautin da aka ɗauka don manyan lasifikoki shida, na gaba da na baya da mai rugugi, shi kuma ya matse shi ya koma siririyar murya da ƙaramar waya za ta ɗauka. Nan sunan ya samo asali. Dabarar ba sirri ba ce. Cikin layukan sautin nan shida, na tsakiya yake ɗauka, inda magana ke zama, ya zubar da sauran biyar. In ya gama ya goge na asali daga katin ajiyar da aka kawo sautin a ciki, ba tare da ya tambayi kowa ba.

"Kaya ne ya yi maka yawa," yakan ce. "Na sauke maka."

Masu sauraron lacca sun ji daɗinsa, suka yi ta yabonsa har kansa ya fi shagon girma.

Wata safiya yayarsa ta zo da kati a ƙulle a bakin gyale. Wata biyar ke nan da rasuwar mijinta. Ɗanta, mai ɗaukar sauti a wurin masu fim, ya taɓa gwada sababbin makirufo a falonsu, ya kafa su kusurwa-kusurwa ya ɗauki sauti na minti arba'in. Gwaji ne kawai, bai ajiye wani ba sai wannan katin.

"Ƙanina, sa min shi a wayata. Ina so in riƙa jin baban yara."

"Yaya, je ki dawo da azahar."

Marigayin kuwa mutum ne da ba ya magana. A kujerar bayan ƙofa yake zama, ya juya shayi, ya ƙwanƙwasa cokali sau uku a bakin kofi, ya yi gyaran murya, wani lokaci ya ɗan yi gunguni kamar mai waƙa. Matsau ya san haka sarai, surukinsa ne. Amma da ya ga layin baya na hagu, na kusurwar kujerar, da 'yan tsirarun motsi, sai ya ce ƙarar cokali ce, ya zubar. Ya goge katin, har ya yi mata alheri ya cika shi da hotunan jikokinta.

Da azahar ta kunna a gabansa. Murya ta fito tas, ba ƙura ba tsaki. Muryarta ce, minti arba'in cif, tana faɗa kan wanda ya bar famfo a buɗe.

"Ina mijina?"

"Yaya, ai bai ce komai ba."

"Shekara arba'in bai ce komai ba, yau ka sani? Ina cokalin?"

"Na zubar."

"To tsinto shi."

Ya zauna yana tono har la'asar, gumi na ɗiga kan madannai. Hotunan sun hau kan sautin, babu abin da ya dawo.

"Baki gare ka, ɗan uwana," ta ce tana gyara gyale. "Kai da ka ce magana ce kawai abin ajiyewa, tambaya ɗaya ta gagare ka."

Ba ta goge abin ba. Ta ce tana kasa kunne a inda ta tsaya shan numfashi, ko cokalin ya ɗan leƙo. Matsalar ita ce ba ta cika shan numfashi ba.

Matsau bai ba da haƙuri ba, ba ya cikin tsarinsa. Matarsa dai ta ce ranar ta yi tari, ya ɗaga kai ya dube ta, sannan ya koma kan abincinsa. Washegari ya manna takarda a jikin kwamfutar, da rubutunsa mai kama da tsagar kaza:

"Don Allah, kafin ka ba ni in matse, faɗa min a wace kusurwa naka ya zauna."