Jakin Kawu Abarshi Mai Kallon Gida

Duk wanda ya san Kawu Abarshi ya san jakinsa. In ya zo zamansu na konseye, kansiloli ke nan, a meri, wato ofishin magajin garin ƙaramar hukumarmu, sai ya ɗaure jakin a bakin ƙofa, kansa na kallon hanyar gida, akumari na bisa bayansa. Ba ya sauke akumarin ko za a wuni. In ka tambaye shi dalili, ya ce, "Wanda ya ɗora ka bai yi nisa ba, yana nan tsaye yana jiran sauke ka."

Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma planto a merin, mai shara da kai saƙo. Magajin gari na lokacin, wanda muke ce ma mer, shi ne ya ɗauke ni, shi ya sa ko tari ya yi sai gabana ya faɗi. Wata rana na iske jakin a inuwar itacen bedi, wato dogonyaro, inda ake ajiye motar mer. Na ruga wurin Kawu.

"Kawu, don Allah a gusa da shi, inuwar mer ce!"

"Illa, wannan bedin ya ga mer nawa?"

"Da yawa, Kawu."

"To bedin bai san mer ba. Wanda ya riga zuwa ya sani."

Ranar a rana motar ta wuni, ni kuwa ko hura ban iya sha ba.

Sai shekarar da wasu konseye suka tashi tsige magajin gari. Ku da kuka sani, konseye ke zaɓen mer daga cikinsu, su ne kuma ke sauke shi in ƙuri'unsu sun kai. Da aka lissafa, sai aka ga abin ya rataya a kan Kawu. In mer ya faɗi, aikina ya faɗi tare da shi. Mutanen mer suka yi abin da aka saba, suka kwashe konseyensu zuwa wani gida a Madawa don kada abokan gaba su gan su, aka karɓe wayoyinsu, aka ce ni ne mai tsaron Kawu. Wayyo ni!

Da hantsi na shiga kewaye, na fito ba Kawu. Ashe ya hau kamiyo, babbar motar ɗaukar albasa, ya koma gida. Na bi shi ina salati, na same shi a garkarsa yana ban ruwa.

"Kawu, ka kashe ni!"

"Mi ya hwaru? Albasa ba ta san tsigewa ba, ƙishirwa ta sani. Kama guga."

Kafin azahar labari ya bazu. Mutanen mer suka iso da manyan riguna. Ya ce kunnensa ba ya jin magana sai an shayar da ɓangaren gabas. Suka naɗe riguna suka ja ruwa. Suna tafiya 'yan tsigewa suka iso, ya nuna musu ɓangaren yamma. Kowa ya gama bayani sai Kawu ya ce masa, "Na ji, Allah ya zaɓa muna mafi alheri." Da la'asar ya dubi garka jiƙe sharkaf, ya ce, "Kai! Allah ya sa a riƙa tsige mer kowane rani."

Ranar ƙuri'a na tsaya bakin taga ina jan carbi har yatsuna suka yi zafi. Aka ƙirga, mer ya faɗi. Wa Kawu ya jefa wa? Har ya koma ga Allah bai faɗa ba. In an matsa masa ya ce, "Akwati na ba, ku tambaye shi."

Bayan ferefe, wakilin gwamnati, ya zo an ɗaura wa sabon mer ɗamara, aka kira ni aka ce in ajiye mabuɗai, an ba wani aikina. Na fito ina tunanin abin da zan gaya wa uwar ɗiyana. Sai ga Kawu a bakin ƙofa riƙe da igiya.

"Hau."

"Kawu, an kore ni."

"Na sani. Wa kake zato nake juya ma kan jakin nan shekara da shekaru? Ni dai na san hanya."

Ya kai ni garka, ya ja layi da sandarsa a ɓangaren gabas. "Daga nan zuwa rijiya naka ne. Manyan mutane suka shayar da shi, ƙasar ta yi albarka. Nan ba mai karɓe maka mabuɗi."

Da albasar nan na yi wa ɗakina rufin kwano, da ita nake ciyar da iyalina. Har yanzu ina da fargaba, amma ta tsutsa ce da ƙafewar rijiya.

Ranar da ya rasu, jakin na ɗaure a ƙofar gida, ni na sauke masa akumari. Allah ya jiƙan Kawu Abarshi, ya yafe masa, ya ba shi inuwar da ba a cewa ya gusa. Amin.